Kukan da Aka Ɗauka a Rido

Kafanchan,
Watan Fabrairu.

Zuwa ga Anti Naomi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Da fatan kina lafiya, da kasuwa, da mutanen Romi gaba ɗaya. Mu nan lafiya lau muke, sai dai Baba da ciwon bayansa, wanda bai hana shi zuwa gona ba. Mama tana gaishe ki, ta ce cittar da ta yi miki alkawari tana tafe da zarar ta bushe.

Anti, na gaji da kiran wannan 'yar wayar taki da ba kya ɗagawa. Shi ya sa na koma irin na mutanen da, na rubuta takarda na ba Yakubu direba. Ya ce ya san shagonki, in ya sauke fasinja a garejin Television zai ƙarasa ya miƙa miki.

Ga maganar. Kin san tun da na gama makaranta nake zaune, ba aiki, sai diramar coci. Kirsimetin da ya wuce na fito a matsayin uwar da ɗanta ya gudu daga gida. Anti, da kin ga matan zumunta! Har da masu fyace hanci da bakin zane. Fasto da kansa ya ce jinin Naomi ne yake yawo a jikina.

To shekaranjiya na gani a Fesbuk Darakta Kevin yana neman sababbin fuskoki don wani babban fim. Shi ne fa wanda kuka yi aiki tare, wanda ya sa kowa ya san ki. Ina so in zo a gwada ni. Alfarma biyu nake roƙo: ki bar ni in sauka a wurinki, kuma ki yi masa magana a kaina. Kalma ɗaya daga bakinki ta isa.

Ban faɗa wa Baba ba tukuna. Na san in ke kika yarda, shi ba zai ƙi ba.

Ki huta lafiya. Allah ya tsare.

'Yarki,
Debby.

*

Romi, Kaduna.

Debby 'yata,

Na amsa gaisuwarki, na kuma gode wa Allah da kuke lafiya. Ki gaishe da Yaya, ki ce masa ya riƙa tausaya wa bayan nan. Ki gaishe da mamanki.

Takardarki ta same ni ina auna wa wata mata acca. Na fara karantawa a tsaye, sai da na nemi kujera. Amsata a'a ce, a duka biyun. Amma kin girma, ba zan ce miki a'a in yi shiru ba.

Kina ƙarama 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu suka kashe mijina Jonathan. Wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda aka sanar da ni. Muna makarantar firamare inda muka fake, wani maƙwabcinmu ya shigo riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, ya ce, "Naomi, zo ki duba ko nasa ne." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ko babanki ban taɓa faɗa masa wannan ba. Mutum ɗaya na faɗa wa. Da na dawo Kaduna na shiga ƙungiyar mawaƙa a cocinmu, Kevin ne yake kaɗa mana piyano. Yaro mai ladabi, in an tashi daga gwajin waƙa yakan karɓi jakata ya raka ni bakin layi. Wata rana a hanya na ba shi labarin. Ya yi kuka tare da ni.

Da ya fara fim ya ce in zo in fito a matsayin gwauruwa. Ba zan yi miki ƙarya ba, na so aikin. Na koyi tsayawa daidai inda aka zana mini da alli. Na koyi maimaita magana ɗaya har a gaji ba tare da ta mutu a bakina ba. Na koyi zama a rana tun safe, hoda tana narkewa a fuskata, ana jiran a gyara janareta. Duk wannan ban ɗauke shi wahala ba.

Ranar ɗaukar wurin kukan muna wani kango a Rido, ana hango matatar mai. Na yi kuka, Kevin ya ce bai yi ba. Na sake, ya ce bai yi ba. Aka shafa mini man zafi a ƙarƙashin ido, hawaye ya zuba, ya ce kowa zai gane na ƙarya ne. Sai ya ja ɗan wasan da zai kawo mini labarin mutuwar gefe, suka yi ƙus-ƙus. Aka ce akshan. Mutumin ya shigo riƙe da takalmi ƙafa ɗaya. Bai kira ni da sunana na fim ba. Ya ce, "Naomi, zo ki duba ko nasa ne."

Ban san abin da na yi bayan nan ba. An ce faɗuwa na yi ina birgima ina kiran Jonathan. Wurin cike da mutane, babu wanda ya ɗaga ni, domin Kevin bai ce kat ba, wato a tsayar da ɗauka. Mai riƙe da sandar ɗaukar murya har matso da ita ya yi kusa da bakina.

Fim ya fita, ya yi kasuwa, a coci ana ta rungume ni. Daga baya wani ya yanko wurin ya saka a Wasaf. Nepa ta ɗauke wuta, a turo ni ina birgima. An ci wata ƙungiyar ƙwallo, a turo ni. Yara a nan Romi suna bin bayana suna ihun "Jonathan! Jonathan!" suna zubewa a ƙasa. Ranar da wata ta turo ni a gurup ɗin zumuntar mata don kawai an ɗage ranar walima, ranar na rabu da babbar waya. Yanzu kin san dalilin 'yar wayar da kike yi wa tsiya.

Bayan nan duk daraktan da ya neme ni, kuka yake so. Babu wanda ya taɓa tambaya ko na iya dariya. Sai na bari.

Ga abin da na fito da shi daga fim. A lokeshan mai kyamara haske yake kallo, darakta agogo yake kallo, babu wanda aka ɗauka aiki don ya kalle ki. Kuma duk abin da kika faɗa wa mai fim, ko a ƙofar coci ne, kayan aiki kika ba shi.

Ki zauna a gida. In zaman ya ishe ki, ki nemi koyarwa ko a makarantar kuɗi ce.

Allah ya kiyaye ki.

Antinki,
Naomi.

*

Sabon Tasha, Kaduna,
Watan Afrilu.

Anti Naomi,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin yi Ista lafiya. Don Allah kada ki yage takardar nan don kin ga daga inda ta fito.

Na karanta wasiƙarki na kwana ina kuka. Amma na zo. Ina wurin ƙawata Vivian, wadda muka yi makaranta tare, ɗaki ɗaya muke a bayan kasuwar Sabo. Baba ya sani, na ce masa aikin ofis nake nema.

Anti, an ɗauke ni! Kuma ba ƙaramin wuri ba, ni ce jarumar fim ɗin. 'Yan mata sun cika harabar, wasu daga Jos, wasu daga Abuja da gashin kanti har baya. Da na faɗi sunan mahaifina da garinmu, Oga Kevin ya ajiye biro ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ke 'yar wan Sista Naomi ce?" Na ce e. Sai da idonsa ya kawo ruwa.

Na san abin da ya yi miki, ban manta ba. Amma ina ganin ya canza. Ya ce ya daɗe yana neman hanyar ba ki haƙuri, kin toshe ko'ina. Yanzu aikinsa ba irin na da ba ne. Akwai manyan kyamarori daga Legas, ana ba mu abinci a kan lokaci, mata suna da ɗakin canza kaya nasu. Ba wanda ya taɓa yi mini maganar banza.

Kullum sai ya tambaye ni ke. Yadda kike dariya, ko har yanzu kina karkata ɗankwali gefe guda, da wane suna Onkul Jonathan yake kiran ki a gida. Na ce masa "Malama" yake ce miki don kin fi shi iya lissafin citta, ya yi ta dariya. Mutumin da ya ƙi ki ba zai damu da irin waɗannan ba, Anti.

Labarin fim ɗin wata mata ce da aka kai wa ƙauyensu hari. Ba a ba mu shi gaba ɗaya ba, kullum sai a miƙo mana na ranar.

Na zo shagonki ran Asabar. Mai sayar da manja ta ce kin fita, amma na hango ɗankwalinki ta bayan labule. Ban ji haushi ba. Zan bar wannan a wurinta.

Ki yafe mini, ki sa mini albarka.

Taki kullum,
Debby.

*

Barnawa, Kaduna.

Zuwa ga Sista Naomi,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, kasuwa kuma tana albarka. Na san ganin sunana a ƙasan takardar nan ba zai yi miki daɗi ba, duk da haka ina roƙon ki karanta har ƙarshe.

Da farko ina neman gafara a kan abin da ya faru a Rido. Ƙuruciya ce da zumuɗin aiki. Abin da aka yi da hotonki a waya kuwa, Allah ya sani ba da hannuna ba, ya kuma ƙona mini rai.

Na biyu, gara ki ji daga bakina kafin ki ji a gari. Fim ɗin da muke ɗauka labarinki ne. Debby ce take fitowa a matsayinki. Tun daga aurenki da marigayi, zuwa harin, zuwa zaman makarantar firamare, zuwa dawowarki Kaduna. Har abin da ya same ki a hannun masu fim na saka, ban ɓoye kaina ba, akwai darakta a ciki kuma ba mutumin kirki ba ne.

Sista, ki dubi abin da idon basira. An kashe mutanenmu, an binne su a rami ɗaya, jaridu sun ba su layi biyu sun wuce. Ƙanen mahaifiyata yana cikin irin wannan ramin. 'Ya'yanmu da aka haifa a Kaduna ba su san sunayen ƙauyukan ba ma. In mu ba mu faɗa ba, wa zai faɗa? Akwai masu shirya bikin finafinai a ƙasar waje da suka ga somin aikin, suna jira. Wannan karon ba dariya za a yi ba. Waɗanda suka yi wasa da kukanki za su san abin da suka yi wasa da shi.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A ƙarshen fim ina so ki fito da kanki, ki zauna a ƙofar shagonki, ki kalli kyamara. Ba sai kin ce komai ba, ba kuma sai kin yi kuka ba.

Debby tana da baiwa irin taki, wataƙila ma fiye. Ina riƙe da ita kamar ƙanwata.

Ina jiran amsarki cikin bege. Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Ɗan'uwanki cikin Almasihu,
Kevin.

*

Romi.

Debby,

Ina gaishe ki. Ina fata kina cin abinci.

Ogan naki ya rubuto mini. Ba zan ba shi amsa ba, ki faɗa masa da baki cewa ban yarda ba. Ki ce masa neman izini kafin a fara ake yi. Wanda ya kusa gama aiki sannan ya turo takarda, sanarwa ya kawo.

Ban sani ba ko kin riga kin gane, ko har yanzu ana miƙo miki labarin kaɗan-kaɗan. Matar nan da kike fitowa ni ce. Ba don kin fi 'yan Jos da 'yan Abuja ya ɗauke ki ba, ko da yake na yarda kin iya. Ya ɗauke ki ne don kina da goshina, kuma kin san abin da mijina yake kira na a cikin ɗaki. Shekara nawa ban ji wannan sunan ba, yanzu wani ƙato da aka yi wa gemun roba zai faɗe shi a gaban duniya.

Maganarsa a kan mutanenmu gaskiya ce, ita ta fi ba ni haushi. Kevin bai taɓa cutar mutum da ƙarya zalla ba, kullum da gaskiya a hannunsa yake zuwa. Amma Jonathan ba mutanenmu ba ne, mijina ne. Yana da munshari, yana tsoron allura. In Kevin yana son gawa, ya ɗauki ta ƙanen mahaifiyarsa.

Ban fito miki ran Asabar ba, na yi kuskure. Yanzu ina cewa ki zo. Ki tattara kayanki daga wurin Vivian, ɗakin da na hana ki na ba ki. Ki baro su kafin a zo wurin kukan. Ranar tana zuwa, kuma hawayen diramar coci ba za su ishe shi ba. Zai nemo wani abu. Ki tuna duk abin da kika taɓa faɗa masa game da kanki.

Ina jiran ki. In kin iso ba na shago, makulli yana wurin mai manja.

Naomi.

*

Sabon Tasha,
Watan Yuni.

Anti,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa.

Na riga na gane tun kafin takardarki ta zo. Ranar da aka ɗaura mini ɗankwali a karkace na kalli madubi, na gane. Na ce wa kaina in ba ni ba wata za ta yi, gara ni da na san ki.

An ɗauki wurin kukan ran Talata. A Rido ne, ban sani ba ko kangon naku ne. Na shirya, Anti. Na yi azumi, na riƙe maganarki a raina, na ce duk abin da za a shigo da shi ba zai kayar da ni ba. Muka yi ta yi tun safe, yana cewa a sake. Can da rana ta take, ana tsakiyar ɗauka, sai Tony mataimakinsa ya shigo a guje da wayata a hannu, wadda nake bari a wurinsa in za a fara. Ya ce, "Debby, daga Kafanchan ne. Babanki ne. Mota ta kaɗe shi a hanyar gona, wai bai kai asibiti ba."

Ni ce na taɓa faɗa wa Oga Kevin cewa kullum gabana yana faɗuwa in Baba ya hau tsohon kekensa a bakin titi da wannan bayan nasa.

Ba sai na ba ki labarin abin da ya biyo baya ba, kin fi ni sani. Na ji ƙasa a bakina. Da na dawo hayyacina Oga Kevin yana durƙushe a gabana yana cewa, "Ƙarya ce, Baba yana lafiya, ga shi ki kira shi." Mutane suna tafi. Mai kwalliya tana kuka tana tafi. Na kira Baba, ya ɗauka yana tauna rake, ya ce lafiya na kira shi da tsakar rana? Na ce lafiya, muryarsa kawai nake son ji.

Na mari Tony. Na ɗauki jakata na kama hanyar titi, niyyata in hau keke Napep in zo Romi. Oga Kevin ya biyo ni, bai ba ni haƙuri ba, ya ce in zo in kalli abu ɗaya kawai sannan in tafi. Ya zaunar da ni gaban ƙaramin talabijin ɗin da suke duba aiki, ya sa mini abin ji a kunne.

Anti, na kalla. Ya yi kyau. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma ni ce. Na tsani mutumin nan, amma na ce a sake sa mini.

Ban zo Romi ba. Washegari na koma aiki. Saura kaɗan mu gama, kuma wani darakta daga Legas da ya ga wurin ya karɓi lambata. Ba zan iya komawa Kafanchan in zauna ina jiran Kirsimeti ba. Kin ce kin so aikin nan. To ni ma ina son sa, har bayan ran Talata, kuma wannan ne yake hana ni barci.

Oga Kevin ya haƙura da maganar fitowarki. Ya ce ko hoton Onkul Jonathan ne ki ba mu aro, a sa a ƙarshe da sunansa da shekarar da ya rasu. Na ce zan tambaya. Ga shi na tambaya.

Kada ki daina ɗaukata 'yarki.

Debby.

*

Romi.

Debby,

Na amsa gaisuwarki.

Hoto ɗaya ne ya tsira daga wutar da 'yan bindigar suka sa wa gidanmu, kuma yana nan inda yake. Kada wani ya zo nema.

Jiya na kira babanki. Yana lafiya, damina ta yi musu kyau. Ya tambaye ni ko aikin ofis ɗin bai yi miki yawa ba, na ce kina ƙoƙari. Ban faɗa masa an kashe shi ran Talata a Rido ba. Ke za ki faɗa masa, ko ki bari ya gani a waya kamar kowa.

Allah ya ba da sa'a a Legas.

Antinki,
Naomi.